Yadda zaka feɗe labarin fim da tsoffin tatsuniyoyi, ka gane ko zai kawo kuɗi ko kwantai zai yi

Akwai majalisar da muke zama wajen mai shayi bayan isha'i, kusan duk sati sai an yi musu akan fim. Wannan yace fim kaza da za'a saki zai fasa kasuwa, wancan yace wlh kwantai zai yi, a yi ta ɗaga jijiyar wuya, in fim ɗin ya fito kuma kowa yace ai dama shi ya faɗa. To wannan "ai dama na faɗa" ɗin ne ya ishe ni, na sayi ƙaramin littafin rubutu na fara ajiye hasashena da kwanan wata tun kafin fim ya fito. Hanyar da nake bi ce zan zayyana anan, amma tun yanzu in faɗa, ba duba bane ba bugun ƙasa bane, kuma akwai inda take tsayawa cak, zamu zo wajen.

Tushen abin a tatsuniyar kaka yake. Ka tuna yadda sunaye ke canzawa amma mutanen basa canzawa? Kullum akwai auta da aka raina, akwai 'yar bora da aka kora rafi, akwai tsohuwar da zata ce zo ki cuɗa min baya sannan ta bada sirrin hanya, akwai Dodo, akwai Gizo mai wayon da ke jefa shi a rami. Waɗannan gurabe ne, kamar kujeru a fada, mai zama yana canzawa kujerar tana nan. Turawa suna ce musu akitayif, kalmar da likitan ƙwaƙwalwan nan ɗan Suwizalan Carl Jung ya yayata. Wani ɗan Rasha mai suna Vladimir Propp a 1928 ya ɗauki tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100 ya feɗe su, ya tarar abubuwan da ke faruwa a cikinsu basu wuce kala 31 ba, kuma a jere suke zuwa. Sai Joseph Campbell na Amurka a 1949 ya fitar da littafinsa The Hero with a Thousand Faces yace ai almarar jarumai a duniya tafiya ɗaya ce: a kira mutum ya bar gida, ya sha wuya a baƙon wuri, ya dawo da wani abu da zai amfani mutanensa. Daraktan fim George Lucas da bakinsa ya faɗa cewa littafin nan ya taimaka masa wajen Star Wars na 1977. Daga baya wani mai tace labarai a Disney, Christopher Vogler, ya matse maganar a 'yar takarda mai shafi 7 a tsakiyar shekarun 1980, ta yi ta yawo ofis ofis a Hollywood, a 1992 ya mayar da ita littafi mai matakai 12. Tarihin kenan a gurguje, mu shiga aiki.

Abu na farko, ka cire wa labarin kaya. Ba sunan jarumi, ba jirgin sama jannati, ba waƙa, ba faɗa. Ka faɗe shi kamar zaka ce gatanan gatananku, cikin jimla uku ko huɗu, yadda yaro ɗan firamare zai gane. Star Wars misali: maraya ne a gonar dangin ubansa, saƙon wata gimbiya ya faɗo hannunsa, wani dattijo ya bashi takobin ubansa yace mu tafi, ya ƙi, aka kashe masu riƙonsa, dole ya tafi. The Lion King na 1994: baffa ya kashe sarki ya ɗora wa yarima laifin, yarima ya gudu ya girma a jeji cikin shashanci, ƙasa ta lalace, ya dawo karɓar gadonsa. Yanzu ka ajiye su kusa da Bayajidda, ɗan sarki da ya baro Bagadaza, ya zauna Borno, ya gudu, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura cikin dare gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa akace rijiyar Kusugu sai Juma'a saboda maciji, ya je ya sare kan macijin, ya auri Daurama. Kaga dai zanen ɗaya ne. In ka kasa faɗin labarin fim a haka, kana ta "sai kuma, amma kafin nan, dama can akwai wani", to ka saka masa alamar tambaya tun daga nan, domin wanda ya fito daga kallo shima haka zai kasa baiwa abokinsa labari, kuma bakin mutane shine tallar da ba'a biya.

In fim bai fito ba, da tirela zaka yi aiki, da ɗan taƙaitaccen bayanin da kamfani ya saki. Ya isa. Tirelar da bayan minti biyu da rabi baka san me jarumin ke nema ba sai fashe fashe, ta riga ta baka amsa.

Na biyu, ka raba mutane a gurabensu. Akta, wato jarumi. Dattijon da zai bashi makami ko ilimi, shine tsohuwar bakin rafi, shine Obi-Wan na Star Wars, shine Rafiki na The Lion King. Ɗan aike da ya kawo kiran. Mai tsaron ƙofa da zai gwada shi kafin ya wuce. Mai fuska biyu wanda baka san ko namu bane ko nasu. Gizo mai ban dariya. Abokin tafiya. Sai bos. Kar ka ɓata lokaci kana ƙirga ko duk sun cika, mutum ɗaya zai iya hawa kujera biyu, kuma fim zai iya cika su kaf ya zama lami. Ni tambayar da nake wa kowane gurbi ita ce, in na cire mutumin nan labarin zai rushe? In ba zai rushe ba to ado ne kawai, an saka shi ne don littafi yace a saka.

Inda nake daɗewa shine bos, kuma in zaka ɗauki abu ɗaya daga rubutun nan ka ɗauki wannan. Jung yana kiran gurbin nan inuwa, wato abin da jarumi zai iya zama da ya karkace. Shiyasa bos ɗin da ya fi kama zuciya kusan kullum ɗan gida ne. Scar na The Lion King ƙanin sarki Mufasa ne. Bhallaladeva na Baahubali gida ɗaya suka tashi da akta Amarendra, uwa ɗaya ta raine su, sarauta ɗaya suke kallo. Killmonger na Black Panther ɗan baffan akta T'Challa ne da aka kashe ubansa aka watsar da shi a Amurka, kuma in ka saurare shi da kyau sai ka ji kamar yana da gaskiya, hanyar da ya ɗauko ce kawai ba ta ɓullewa, fim ɗin nan a 2018 ya haura dala biliyan 1.3. Shi kuwa Darth Vader, bos ɗin Star Wars, sai a fim na biyu a 1980 aka ce ai uban yaron ne. Mu da muka san 'yan ubanci ba sai an yi mana dogon bayani ba, faɗan da ya fi zafi shine na wanda kuka ci tuwo kwano ɗaya. To ka tambayi kanka, bos ɗin nan me ya haɗa shi da akta tun asali? Me yake so wanda shima akta yake so? In amsar ita ce kawai mugu ne yana so ya rusa duniya, rage maki. Rusa duniya ba ta taɓa ran kowa a kujerar silima, kowa ya san ba zata rushe ba. Amma a ɗaure uwarka da sarƙa shekara 25 a tsakar fada kamar yadda aka yi wa Devasena a Baahubali, wannan kam har mai gyangyaɗi sai ya gyara zama.

Wannan ya kawo mu kan abin da ni nake kira bashi. Duk labari mai kyau yana cin bashin mai kallo tun farko: an yi zalunci, an kashe, an ƙwace, an wulaƙanta, kuma kai da kake kallo ka zama kamar kai ake bi sai ka ga an biya. Ka nemo bashin, ka duba a minti na nawa aka ci shi, ka duba ko an biya shi da irin kuɗin da aka ci. In an kashe uba a gaban ɗa, ƙarshe kuma sai 'yan sanda suka zo suka kama bos a ofis, ba'a biya ba, mutane zasu fito suna tsaki ba tare da sun san dalili ba. Sannan jarumin me ya rasa? Campbell yana da wajen da yake kira cikin kifi, inda jarumi ke zama kamar ya mutu. In akta bai taɓa faɗuwa ƙasa warwas ba, bai binne kowa nasa ba, nasararsa ba ta da ɗanɗano. Mun saba cewa akta baya mutuwa, eh, amma dole wani abu nasa ya mutu. Darakta Rajamouli ma wayo ya yi, ya ci bashin a ƙarshen Baahubali na farko a Yulin 2015, ya nuna amintaccen bawa Kattappa ya soki ubangidansa ta baya, ya rufe fim. Kusan shekara biyu mutane na tambayar me yasa, har mu nan masu kallon fassarar Hausa, da na biyun ya fito a Afrilun 2017 ai ba sai an roƙi kowa ya je ba.

Daga nan sai ka tambaya, almarar su waye wannan, kuma su waye za'a sayar wa. Anan nake da ja da Campbell. Jaruminsa namiji ne da ya bar gida shi kaɗai ya je neman kansa, ya dace da Amurka. Amma fina-finan Indiya da yawa akan tsoffin almarorinsu Ramayana da Mahabharata suke tsaye, inda nauyin yake kan biyayya, alƙawarin uba, 'yan uwa biyu da suka rabu ɗaya ya bi doka ɗaya ya kauce, da uwa a tsakiya tana kuka. Thalapathi na Mani Ratnam a 1991 abotar Karna da Duryodhana na Mahabharata ce aka sa mata rigar zamani. Mu kuma a finafinan Kano gurbin da ya fi ci shine mowa da bora, kishiya, marainiya a hannun matar uba, ɗan talaka da 'yar mai kuɗi, tafiyar jarumar sau da yawa daga ɗaki zuwa ɗaki ce a gida ɗaya ba daga gari zuwa jeji ba. In ka ɗauki matakai 12 na Vogler ka auna irin wannan labarin zaka ce bai cika ba alhali mata sun cika gidan kallo, ma'aunin ne ba nasu ba.

Kuma a kula, labarin da mutane suka ɗauka da tsarki wuƙa ce mai kaifi biyu. Adipurush na 2023 Ramayana ce kai tsaye, jarumin kuma Prabhas ne, wannan dai na Baahubali. A takarda babu fim ɗin da ya kai shi cika gurabe, ai daga asalin rijiyar aka ɗebo. Kwanakin farko mutane sun yi tururuwa, sannan ciniki ya rikito, saboda aikin kwamfutar bai gamsar ba kuma kalaman da aka sa a bakin waɗanda suke girmamawa sun yi musu kama da zancen tasha, har sai da masu fim ɗin suka canza wasu layuka bayan an riga an sake shi. In labarin na jama'a ne, kowa malami ne a kansa.

To yanzu kuɗi, inda mafi yawan masu wannan nazarin ke yaudarar kansu. Suna lissafo finafinan da suka ci kasuwa suna cewa kun gani, duk tafiyar jarumi ce. Gaskiya ne, amma waɗanda suka faɗi ma tafiyar jarumi ce, su ne dai ba'a ƙirgawa. King Arthur: Legend of the Sword na 2017 me ya rasa? Maraya ɗan sarki, baffa azzalumi, takobin gado a cikin dutse, komai akwai. An kashe masa wajen dala miliyan 175, abin da ya tara a duniya bai kai miliyan 150 ba, gashi an sake shi sati ɗaya bayan Guardians of the Galaxy na biyu. John Carter na 2012 kuwa Disney da kanta ta sanar da asarar kusan dala miliyan 200. Abin tausayin nasa shine labarin marubuci Edgar Rice Burroughs ne tun 1912, masu finafinan sararin samaniya sun shekara da shekaru suna ɗiba daga ciki, da kakan ya iso sai matasa suka ga kamar shi ya kwaikwayi jikokin. Darasin da na ɗauka, bayan ka gama duba gurabe sai ka tambaya wane sabon abu aka zo da shi, wace riga aka sa wa tsohon ƙashin da ba'a saba gani ba. Tsohon labari a tsohuwar riga ba mai fitowa daga gida dominsa.

Lissafin kansa ba wuya. Gidajen silima suna riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, kuma kuɗin talla daban yake ba ya cikin kasafin da ake faɗa, shiyasa 'yan harkar ke cewa babban fim sai ya tara ninki biyu zuwa biyu da rabi na abin da aka kashe kafin a fara maganar riba. Kenan John Carter da ya tara sama da dala miliyan 280 faɗuwa ce in aka auna da abin da aka kashe masa, shi kuma The Blair Witch Project na 1999 da aka ɗauka da abin da bai wuce dala dubu 60 ba ya tara kusan miliyan 250, ko da kashi ɗaya cikin goma na wannan ya samu an yi biki. Star Wars na farko dala miliyan 11 aka kashe. Don haka kar ka taɓa rubuta "zai ci" kafin ka nemo nawa aka zuba.

Ga inda nace hanyar tana tsayawa, kuma ga inda take da ƙarfi. Satin farko ba labari ke sayar da shi ba, ai ba wanda ya kalla tukuna. Talla ce, sunan jarumi ne, lokacin hutu ko biki ne, ko kuma cigaban wani fim ne da aka riga aka sani. Nazarin gurabe bashi da abin cewa anan. Ƙarfinsa daga sati na biyu yake farawa, lokacin da waɗanda suka kalla suka koma gida suka buɗe baki. Batman v Superman a 2016 ya buɗe da kusan dala miliyan 166 a Amurka, ƙarshen sati na biyu ciniki ya faɗi da kusan kashi 69 cikin 100. Titanic a 1997 da miliyan 28 da wani abu ya buɗe, ba wani abin a zo a gani ba ga fim mai tsadarsa, amma ya yi sati 15 a jere yana na ɗaya. Sholay da ya fito 15 ga Agustan 1975 da sanyin jiki ya fara har ana cewa ya faɗi, ƙarshe sai da ya shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Saboda haka ni hasashe biyu nake rubutawa daban daban, na buɗewa wanda nake ɗora shi kan talla da suna, da na juriya wanda nake ɗora shi kan bos da bashi da abin da jarumi ya rasa.

Masu bincike ma sun gwada da kwamfuta. A 2018 wasu a Ingila sun bi rubutun maganganun finafinai sama da 6,000 suna auna hawa da saukar yanayin labari, suka tarar wanda ya fi tara kuɗi shine zanen da marubuci Kurt Vonnegut ya kira mutum a rami, wato a faɗa masifa sannan a fito. Ba wani sabon abu bane wajen wanda ya ji tatsuniyar 'yar bora, amma dai ya ƙara min ƙwarin gwiwa kan maganar faɗuwa warwas ɗin nan. Warner Bros ma a farkon 2020 ta ƙulla da wani kamfani Cinelytic mai manhajar hasashen ciniki. Duk da haka har yau maganar William Goldman ta 1983 ake maimaitawa a Hollywood, cewa ba wanda ya san komai, kuma mutumin da ya ci Oscar biyu a rubutun fim ne ya faɗa.

Yadda shafin littafina yake kenan: sunan fim da kwanan wata a sama, labarin cikin jimla uku, waye bos kuma me ya haɗa shi da akta, bashin da aka ci, su waye masu almarar, sabon abin da aka zo da shi, nawa aka kashe in ninka shi biyu da rabi in rubuta a gefe, da wane fim zai haɗu a sati ɗaya. Ƙasa kuma hasashen nan biyu, da biro ba fensir ba, in ɗauki hotonsa in tura guruf ɗin majalisa don kar gobe in musa. Bana komawa shafin sai bayan sati na uku. In na kuskure sai in rubuta a wane layi na kuskure, kuma abin da na lura yawanci ba a labarin nake zamewa ba, a son rai ne, fim ɗin da nake son jaruminsa sai in riƙa ganin bashi inda babu. Wanda ya faɗi a musun shi ke biyan shayi da indomin daren, kuma a watan da ya wuce ni na biya, harda ƙwai biyu biyu saboda mutanen basu da imani.